Shaidar Gona Ɗaya Ba Ta Isa Ba: Awon Bambanci Da Noman Citta A Kudancin Kaduna

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu wanda ya riƙe wannan magana da hannu biyu kamar manomi. In aka ba shi labarin sabon iri ko sabon taki, sai ya gyaɗa kai kurum ya wuce abinsa. Amma ran da ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kore shar, ya kuma ga yawan abin da aka kwasa da kaka, to, magana ta ƙare, baɗi abin da zai yi ke nan. Wannan hali ne mai kyau, gama shi ya tsare talaka daga mazambata tun kaka da kakanni. Sai dai fa ido ma yana da nasa ruɗin, musamman idan gona ɗaya tak ya gani, a damina ɗaya tak. A kan wannan batu filin zai tsaya a wannan mako, kuma manoman citta na ƙasar Kafancan da kewayenta su abin ya fi shafa.

ABIN DA YA SAMI CITTA A 2023

Sanin kowa ne kudancin Jihar Kaduna shi ne gidan citta a Nijeriya. Tun wajajen 1927, watau zamanin da Kafancan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, aka shiga nomanta da yawa a ƙasar da ake kira Kudancin Zariya a lokacin, domin sayarwa ƙasashen waje. Ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne kan gaba, kuma albarkacinsu ne sunan Nijeriya ya shiga sahun manyan ƙasashen da ke noman citta a duniya, tare da irin su Indiya da Sin. Akan shuka ta daga watan Afrilu zuwa Mayu, a lulluɓe gonar da ganye ko ciyawa, sa'an nan a haƙe ta wajen ƙarshen shekara, a tsaga, a shanya a iskar hunturu, kana a kai kasuwannin Kafancan da Kwoi da Kaciya da Kubaca. Iri biyu aka fi sani, watau Tafin Giwa mai ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri mai ɗan duhu. A gidaje da yawa na wannan yanki, da kuɗin citta ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake rufin kwano, da shi ake aurar da 'ya'ya.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin. Ganye ya riƙa yin rawaya yana bushewa, in an tona sai a tarar saiwar ta ruɓe a cikin ƙasa. Annobar ta taɓa har Jihohin Filato da Nasarawa da yankin Abuja, amma kudancin Kaduna ya fi jin jiki. A 2024 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ƙiyasta hasarar da manoma suka yi a kan kimanin Naira miliyan dubu 12, aka kuma kafa kwamiti domin yaƙi da cutar. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, citta ba ƙwaya ake shukawa ba, saiwar ce da kanta ake yayyankawa a binne. Saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya yi hasara biyu ke nan, ta amfanin bana da ta irin baɗi.

Duk inda irin wannan masifa ta auku, shawarwari sukan yi yawa. Wannan ya ce maganin feshi kaza ne mafita, wancan ya ce a jiƙa iri cikin magani kafin shuka, wani ya ce a sauya gona, wani kuma ya ce a nemo iri daga wata jiha, ga masu cewa kashin kaji ya fi takin zamani, ga masu cewa a'a. Kowanne kuwa yana da shaidarsa, wadda ba ta wuce gonar wane da ta tsira ba. To, manomin da ya ci bashi ya sayi iri da tsada, wacce zai bi? Hanyoyi ne huɗu ko biyar a gabansa, jarinsa kuwa ɗaya ne, in ya zuba shi inda ba daidai ba sai wata shekara, in ma da sauran abin zubawa.

Masana lissafin ƙididdiga suna da wata dabara ta warware irin wannan gardama, wadda ta haura shekara 100 ana aiki da ita. A Hausance ana iya kiranta awon bambanci, ɗaliban manyan makarantu kuwa Anoba suke ce mata a taƙaice. Abin sha'awa shi ne, a gona aka haife ta.

ASALIN DABARAR

A ƙasar Ingila, arewa da birnin Landan, akwai wata tashar binciken noma mai suna Rothamsted, wadda aka kafa a 1843. Tun daga wannan shekara ake shuka alkama a wata gona tata, ana zuba wa kowane yanki taki dabam, ana auna abin da aka girbe, ana rubutawa. Kafin a kai 1919 littattafai sun cika da alƙaluma na shekara 70 da ɗoriya, amma an rasa mai fitar da hukunci tsayayye daga cikinsu, domin ruwan sama na kowace shekara dabam ne, ƙarfin ƙasa kuma ba ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan. A wannan shekara aka ɗauki wani masanin lissafi mai suna Ronald Fisher domin ya duba su.

Fisher ya lura cewa duk saɓanin da ake gani a yawan amfanin gona ana iya rarraba shi kashi-kashi, a ce wannan kashi daga taki ya zo, wannan daga ƙasa, wannan kuma daga abubuwan da ba wanda ya san kansu. A 1923 shi da wata abokiyar aikinsa, Winifred Mackenzie, suka buga nazari a kan yadda ire-iren dankalin Turawa suke karɓar taki, inda suka yi aiki da wannan hanya. A 1925 ya fitar da littafi domin masu bincike, wanda ya yaɗa dabarar a duniya, a 1935 kuma ya fitar da wani a kan yadda ake tsara gwaji tun daga farko. Lambar da ake fitarwa a ƙarshen lissafin ana kiranta F, sunan da wani masani ɗan Amurka, George Snedecor, ya raɗa mata a 1934 domin girmama Fisher. Daga gona dabarar ta shiga asibitoci da makarantu da masana'antu, kuma da ita tashoshin bincike irin na Samaru ta Zariya, wadda tarihinta ya faro tun 1922, suke tace sababbin ire-iren shuka kafin a miƙa wa manoma.

GINSHIƘIN MAGANAR

Ginshiƙin dabarar ba shi da wuyar fahimta, manomi ma ya riga ya san rabinsa. Ko da mutum ya raba gonarsa gida huɗu, ya shuka iri ɗaya rana ɗaya, ya zuba taki ɗaya, ba zai kwashi abu daidai wa daida daga kowane yanki ba. Wani gefen ya fi laima, wani akwai tsohuwar suri, wani inuwar ɗorawa ta rufe shi. Wannan shi ne bambancin cikin gida, wanda yake nan ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Sa'an nan akwai bambancin da ke tsakanin rukuni da rukuni, watau tsakanin fulotan da aka yi wa abu kaza da waɗanda aka yi wa wani abu dabam. Tambayar da awon bambanci ke yi ita ce: shin tazarar da ke tsakanin rukunan ta zarce abin da bambancin cikin gida shi kaɗai zai iya haifarwa? In ta zarce sosai, to, akwai magana. In kuwa ba ta zarce ba, abin da ido ya gani yana iya zama dace kurum.

Ga misali domin a gane. Alƙaluman da za su biyo baya na kwatance ne, ba daga wata gona aka ɗauko su ba. A ce malamin gona ya yanka fuloti 12 masu girma ɗaya, ya shuka Tafin Giwa a dukkansu. Huɗu bai zuba musu kome ba, huɗu ya zuba takin zamani, huɗu kuma kashin kaji. Da kaka ya auna ɗanyar citta da sikeli. Waɗanda ba a zuba wa kome ba suka ba da kilo 18, 20, 20 da 22, matsakaicinsu 20 ke nan. Na takin zamani suka ba da 22, 24, 24 da 26, matsakaici 24. Na kashin kaji kuwa 26, 28, 28 da 30, matsakaici 28. Matsakaicin gonar baki ɗaya 24 ne.

Da farko sai a auna bambancin da ke tsakanin rukunai. Rukuni na farko ya gaza babban matsakaici da 4, na biyu ya yi daidai da shi, na uku ya haura shi da 4. Akan ninka kowace tazara da kanta, domin kada ragi da ƙari su cinye juna, sai a sami 16 da sifiri da 16, jimla 32. Da yake fuloti huɗu ne a kowane rukuni, sai a ninka da 4, a sami 128. Sa'an nan a raba da 2, watau yawan rukunai a ɗebe ɗaya. Amsa ita ce 64.

Daga nan sai a koma cikin gida. A kowane rukuni fulotan sun kauce wa matsakaicinsu da 2, sifiri, sifiri da 2. In an ninka kowace da kanta aka tara, sai a sami 8, rukuni uku kuwa 24 ke nan. Sai a raba da 9, watau fuloti 12 a ɗebe rukuni 3. Amsa ita ce 2.67. Aikin ƙarshe shi ne a raba 64 da 2.67, sai lambar F ta fito 24.

Me wannan 24 ke nufi? Da a ce takin ba ya yin kome, bambancin tsakani da na cikin gida za su yi kusan kai ɗaya, lambar F kuwa ta riƙa yawo a wajajen 1. Masana sun tsara jadawali mai nuna iyakar da dace kaɗai yakan kai ta. Ga gwaji mai rukuni 3 da fuloti 12, iyakar ita ce 4.26, ma'ana in babu wani bambanci na gaskiya, sau 5 kacal cikin 100 dace zai sa lambar ta haura nan. Tun da 24 ta yi wa 4.26 nisa ƙwarai, malamin gona yana da hujjar cewa abin da aka zuba ya yi tasiri.

To, a sake duba wani gwajin mai kama da wannan. A wannan karon rukuni na farko ya ba da kilo 10, 18, 22 da 30, na biyu 14, 22, 26 da 34, na uku 18, 26, 30 da 38. Duk wanda ya lissafa zai ga matsakaitan ba su sauya ba, har yanzu 20 da 24 da 28 ne, saboda haka bambancin tsakani yana nan a 64. Amma a cikin gida tazarar ta zama 10, 2, 2 da 10, waɗanda in an ninka aka tara suke ba da 208 a kowane rukuni, 624 ke nan duka. In an raba da 9 sai a sami 69.3. Lambar F ta faɗo 0.92, ba ta ko kai 1 ba.

Nan darasin yake. Da za a kafa allo a bakin hanya a rubuta cewa kashin kaji ya ba da 28, takin zamani 24, gona ba taki 20, gwaje-gwajen nan biyu magana ɗaya za su faɗa. Alhali na farko shaida ne mai ƙarfi, na biyu kuwa ba ya tsayar da kome, gama a cikinsa akwai fulotin da ba a zuba wa kome ba ya ba da 30, ga kuma wanda ya sha kashin kaji ya tsaya a 18. Wanda ya ga fulotin 38 shi kaɗai zai rantse ya ga magani, wanda ya ga na 18 zai rantse ƙarya ne, kuma dukkansu da idonsu suka gani.

Wajibi ne kuma a lura da cewa gwaji na biyu bai ce takin ba shi da amfani ba. Abin da ya ce shi ne ba a sami isasshiyar shaida ba. Alƙalin da ya sallami ƙara don rashin shaidu bai ce ba a yi laifi ba, ya dai ce ba a tabbatar a gabansa ba. Maganin wannan shi ne a sake gwaji da fulotai masu yawa, a ƙasar da ta fi daidaito.

ME ZAI HANA A GWADA BIBBIYU?

Mai karatu yana iya tambaya, me ya sa ba za a ɗauki hanyoyin bibbiyu a riƙa gwada su ba, a huta da wannan dogon lissafi? Dalili shi ne, kowane gwaji ɗaya yana ɗauke da kasadar kuskure ta 5 cikin 100, kuma kasadar taruwa take yi. Hanya 3 suna da haɗi 3, hanya 4 suna da 6, hanya 5 kuwa suna da haɗi 10. Wanda ya bi haɗi goman nan ɗaya bayan ɗaya, ko da hanyoyin biyar duk ɗaya ne a haƙiƙa, kasadar ya tsinci bambancin ƙarya a wani wuri ta kai wajen ɗaya cikin huɗu. Tamkar mai jefa ƙugiya ne sau goma a kududdufi, ko babu kifi ba zai rasa abin da zai maƙale mata ba. Awon bambanci yana yin tambaya ɗaya ne a kan rukunan gaba ɗaya, saboda haka kasadar takan tsaya inda aka ajiye ta.

Sai dai lambar F tana da iyakarta. Tana faɗin cewa akwai bambanci a wani wuri, amma ba ta nuna tsakanin wanne da wanne. Domin gano wannan akwai awo na biyu da akan bi da shi, kamar wanda John Tukey na Amurka ya fito da shi, wanda aka tsara musamman don kada kasadar nan ta taru.

SHARUƊƊAN GWAJI NA ƘWARAI

Lissafi kome kyansa ba ya gyara gwajin da aka tsara a karkace. Fisher da kansa ya nace a kan sharuɗɗa, kuma kowane manomi yana iya riƙe su ko bai taɓa zama a aji ba.

Na farko shi ne maimaici. Hanyar da aka gwada a fuloti ɗaya tak ba a san bambancin cikin gidanta ba, saboda haka babu ma'aunin da za a auna ta da shi. Ko an tono gindi 50 daga wannan fuloti ɗaya an auna, har yanzu shaida ɗaya ce, gama ƙasa ɗaya suka sha.

Na biyu shi ne ƙuri'a. Kada mai gwaji ya zaɓi inda zai sa kowace hanya da son ransa, domin zuciya takan kai abin da take ƙauna wuri mai kyau ko mai ita bai sani ba. A rubuta sunayen hanyoyin a 'yan takardu, a zuba cikin hula, yaro ya ɗauko. Wannan sharaɗi shi ya fi muhimmanci a batun cutar citta. Citta ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, kuma cututtukan ruɓa sukan bi ruwa da ƙasa da irin da ya kamu. Gonar da ta tsira a 2023 mai yiwuwa a kan tudu take, ko kuwa sabuwar gona ce da ba a taɓa shuka citta a cikinta ba, ko irinta ne ya zo da lafiya. In mai ita ya fesa wani magani, sunan maganin ne zai fita, alhali wataƙila tudun ne ya yi aikin. Lalle ruwa ba ya tsami banza, amma sanin abin da ya tsamar da shi sai an bincika.

Na uku shi ne raba gona shiyya-shiyya. Ƙasar kudancin Kaduna tana da tuddai da gangare, kan gona da gindinta ba ɗaya ba ne. Sai a yanka gonar bisa ga yanayinta, shiyyar sama da ta tsakiya da ta ƙasa, a tabbata kowace hanya ta sami fuloti a kowace shiyya. Da haka lissafi zai iya ware bambancin da gangare ya kawo ya ajiye shi gefe, na hanyoyin ya fito fili.

Na huɗu shi ne a bar rukunin da ba a yi wa sabon abu ba, watau wanda aka noma yadda aka saba. In babu shi, ba a san daga inda za a fara ƙirga riba ba. A shekarar da cuta ta yi sauƙi kowane magani gwani ne.

Bayan waɗannan duka akwai hisabin aljihu, wanda lambar F ba ta san da shi ba. Gwaji mai fulotai da yawa yana iya tabbatar da bambanci ɗan ƙanƙane, a ce lalle na gaskiya ne, amma in kuɗin sayen abin da ɗaukarsa zuwa gona da ladan masu aiki sun fi kuɗin ƙarin cittar da aka samu, to, manomi faɗuwa ya yi. Saboda haka duk rahoton da ya ce an sami bambanci, tilas ya faɗi kilo nawa ne a hekta, da kuma nawa aka kashe.

AIKIN DA KE GABAN MASANA DA HUKUMA

Kudancin Kaduna ba ta rasa masu ilmin wannan aiki ba. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafancan inda ake koyar da aikin gona, ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha a Samarun Katab, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kaciya a 2025. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya, wadda binciken citta ke cikin aikinta, ita ma tana da reshe a Jihar Kaduna. Abin da ake bukata shi ne a haɗa wannan ilmi da gonakin talakawa.

A manyan makarantun ƙasar nan ɗalibai masu yawa suna yin Anoba kowace shekara domin kundin kammala karatu. A da sai an kwana ana lissafi da hannu, yanzu kuwa kwamfuta takan fitar da amsa kafin ƙiftawar ido. Sauƙin ya zo da nasa haɗarin, domin na'ura ba ta tambayar ko an jefa ƙuri'a, ko fuloti nawa ne, duk abin da aka zuba mata za ta niƙa ta ba da lamba. Ɗalibin da ya iya danna maɓalli amma ya kasa bayyana wa mahaifinsa ma'anar amsar da harshen gida, da sauransa. Zai fi kyau malamai su riƙa tura irin waɗannan ɗalibai ƙauyukan da ake noman citta, su tsara gwaji tare da manoma a kan tambayoyin da ke hana manoman barci, maimakon kundin da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Ƙungiyoyin manoma su ma ba sai sun zauna jira ba. Mutum goma a ƙauye ɗaya suna iya haɗa kai, kowannensu ya ware ɗan yanki a gonarsa ya raba shi uku daidai, a jefa ƙuri'a a kan wace hanya za ta shiga wane kashi, ɗaya daga cikin ukun kuwa ya zama yadda aka saba. Kowace gona ta zama shiyya guda ke nan, an kuma sami maimaici goma ba tare da wani ya sa dukan jarinsa cikin kasada ba. Da kaka a auna da sikeli ɗaya, kada a ƙirga da buhu, gama cikar buhu ta danganta ga hannun mai ɗurawa. A auna duka ɗanya ko duka busasshiya, a rubuta har da yawan gindin da ya ruɓe, kuma kada a ɓoye gonar da ta ba da kunya, domin shaidarta daidai take da ta wadda ta yi kyau. Sa'an nan a kai takardar ga malamin gona ko wani malamin lissafi ya fitar da hukunci. In an maimaita a damina ta biyu aka sami amsa iri ɗaya, to, an sami abin dogara.

Hukuma kuwa nauyinta ya fi na kowa, gama ita ke sayen iri da magani da kuɗin jama'a tana rabawa. Ya kamata kafin a raba wani abu da sunan maganin cutar citta, a bayyana wa manoma ta rediyo da bakin malaman gona inda aka gwada shi, da fuloti nawa, da damina nawa, da abin da aka kwatanta shi da shi. Mai sayar da kaya nagari ba zai ji tsoron waɗannan tambayoyi ba.

Shi kuma manomi, duk ran da wani ya zo masa da kwalba ko buhu yana cika baki, ya tare shi da tambaya cikin ladabi: Malam, a gona nawa aka gwada? Wa ya zaɓi gonakin? Waɗanda ba a sa musu ba, yaya suka yi? A cikin waɗanda aka sa wa, nawa ne ba su yi kyau ba? In baƙon ya amsa dalla-dalla, a saurare shi. In kuwa ya ce a je a ga gonar wane, sai a gode masa, a gaya masa an ji, amma za a fara da ɗan yanki tukuna, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya mayar wa manoman citta da abin da suka rasa.